Mudu, Yadi da Gaba: Al'adun Awo a Boɗinga da Shagari

Wanda ya baro Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, ta Boɗinga zai bi, can gaba kuma ya iske Shagari. Allunan gefen titi da kilomita suke magana, famfon gidan mai da lita yake ƙirga, ma'aikacin asibiti kuma kilo yake rubutawa idan ya auna jariri. Amma mutum ya ratse ya shiga kasuwa, sai ya ga duk waɗannan sun tsaya a bakin kwalta. Gero da mudu ake sayar da shi, shadda da yadi, goro da ƙwarya, fili da ƙafa, zurfin rijiya kuma da gaba. Ma'aunai iri uku ke zaune tare a ƙasar nan: wanda aka gada daga kakanni da littattafan fiƙihu, wanda Turawan Ingila suka tafi suka bari, da wanda dokar gwamnati ta sani. Mutum ɗaya kan yi amfani da ukun duka kafin azahar, kuma ba ya ruɗewa.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne jikin mutum. Taƙi daga babban yatsa ne zuwa na tsakiya idan an buɗe hannu. Kamu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, da shi masaƙa da masu saye suke auna sawaye da zugu tun kafin a san tef ɗin tela. Gaba kuwa mutum ya ware hannuwansa biyu iya ƙarfinsa. Masu haƙar rijiya har gobe da ita suke ciniki: a yi jinga a kan gaba kaza, idan an tarar da dutse a sake magana. Mai sayen igiyar guga ba ya tambayar mita. Yakan kama bakin igiyar da hannun hagu, ya ja ta bisa ƙirjinsa zuwa hannun dama, ya riƙe wurin da ya tsaya, ya sake ja, yana ƙirgawa a ransa har ya kai zurfin rijiyar gidansu, sannan ya ƙara gaba ɗaya ta ɗauri. Ko ranar rasuwa ba a neman ma'aunin kanti. Kara ake samowa a gwada tsawon mamaci, a ba masu haƙar kabari su tafi da shi. Kafin agogo ya yawaita, ladani ma da tafin ƙafarsa yake taka inuwa ya san la'asar ta yi, domin malamai sun ƙaddara tsawon mutum da taku bakwai na ƙafarsa.

Wannan gabar ta mai haƙar rijiya, ita ce dai matuƙan jiragen ruwan Ingila suka daɗe suna auna zurfin teku da ita, sai dai su sun tsayar da ita a ƙafa 6, ba ta ƙaruwa ko raguwa da tsawon hannun mai awo. Tsofaffin taswirorin gaɓar Legas da Kalaba da gaba da ƙafa aka rubuta su. Kuma a can zurfin ruwa ba abu ba ne tsayayye. Teku kan cika ya tumbatsa ya hau gaɓa, sannan ya janye, sau biyu a yini da kwana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, saboda haka cikar gobe takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta yau. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. A tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da jan nasu ya zo a layi ɗaya, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma abin ya lafa. A Legas bambancin bai wuce kusan mita ɗaya ba, amma a mashigin Fundy na ƙasar Kanada yakan kai mita 16. Shi ya sa ake buga jadawalin cikar teku na shekara guda tun kafin ta kama, awa da minti, don masunta da masu shigo da manyan jirage Apapa da Fatakwal.

Ɗan ci-ranin Dandin Mahe ko Danchadi da ya fara ganin haka a bakin ruwan Legas yakan yi mamaki, amma da za a zaunar da shi a yi masa bayani, rabin karatun ya riga ya sani. Ya san wata yana ƙara jinkirin fitowa kowane dare bayan ya cika. Ya san daren ashirin da tara da ake fita duban jinjirinsa, a jira sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. Ranakun nan da ake ɗokin ganin watan azumi ko na salla a Boɗinga, su ne ranakun da teku ke kai maƙurar cikarsa a Badagiri.

Ruwan da ke cika ya janye a nan gida, sau ɗaya yake yi a shekara. Gulbin Rima, wanda ya bi ta arewa da yamma da Boɗinga da Shagari ya gangara Argungu, yakan batse a Agusta da Satumba, tafkuna da fadamu su cika, madatsar ruwan Shagari ta ɗauki rabonta. Idan ya fara ja baya, masu noman rani su bi sawunsa da albasa da tumatir da tattasai. Jadawalin wannan ruwa ba a takarda yake ba, a bakin malamai da tsofaffin manoma yake, kuma da taurari ake lissafinsa. Taurarin 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Bakwai daga ciki na damina ne, daga Haƙ'a da Han'a da Zira'a, a bi ta Nasara da Ɗarfa da Jabha, a rufe da Harsan. Manomi kan tambayi malamin unguwa wane tauraro ake ciki kafin ya yanke shawarar sake shuka inda iri ya ƙone. Yau sai ya haɗa da hasashen yanayi da ake karantawa a rediyo, da kuma labarin ko za a saki ruwa daga Goronyo ko Bakolori, domin tun da aka gina madatsun nan cikar gulbi ba ta hannun sama kaɗai take ba.

Ma'aunan Ingila sun shigo ne a bayan sojojin da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wuri ya fara mutuwa, tare da shi keso na wuri dubu 20 ya shiga tarihi. Fam ya zo da sule 20 a cikinsa, sule da kwabo 12, sai sisi da taro da ahu da ɗari da anini. A fulotin gyaɗa da na kaɗa aka kafa sikeli mai auna laba da tan, tan ɗaya laba 2,240. Manomi ya kawo kayansa, akawu ya duba allura ya faɗi lamba, shi kuma ba shi da hanyar musu. Ina ganin daga nan ne ƙin sikeli ya samo asali a zukatan talakawa, domin awo ne da mai saye kaɗai ke iya karantawa. Ma'aunan da suka samu shiga su ne waɗanda ido ke gani, hannu ke taɓawa. Yadi ya zauna daram, inci 36, ƙafa uku. Magidanci ya san yadi nawa ne zai ishe shi riga da wando, uwar amarya ta san turmin atamfa yadi shida ne, kuma idan an rage mata ko ɗan taƙi sai ta gane a ɗauri. Magini bulo mai inci shida ko inci tara yake nema, kafinta ƙusa inci uku da katako tu-bai-fo, dillalin fili kuma hamsin da ɗari yake cewa, kowa ya san ƙafa ake nufi. Garwar kananzir mai galan huɗu ta zama ma'aunin ruwa da na manja shekaru da dama kafin jarka ta ture ta. Galan ɗin Ingila lita huɗu da rabi ne da 'yan kai, amma abin da ɗan bumburutu ke kira galan a bakin titi roba ce mai lita huɗu, wani lokaci ma a matse. Hatta babbar kasuwar Legas da albasar ƙasar Sakkwato ke sauka, Mile 12, sunanta na zamanin awon mil ne.

Abin sha'awa, ɗan garin Shagari na cikin waɗanda suka yi wa wannan lissafi jana'iza. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, shi ne Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, kuma a lokacinsa ne naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma. A 1972 an mai da tuƙi hannun dama, a 1974 kuma aka kafa dokar ma'aunai wadda ta ɗora ƙasar kan mita da lita da kilo. Canjin kuɗi ya kama nan take, don ba wanda zai karɓi sulen da banki ya daina karɓa, ko da yake tsofaffi sun daɗe suna kiran naira biyu fam. Canjin awo kuwa ya kama makaranta da ofis da gidan mai, ya bar mudu inda ya same shi.

Mudu ne sarkin kasuwa, kuma duk wanda ya tsaya layin 'yan awo ya ga yadda ake yi. Ma'auni yana zaune gaban tsibin gero a kan tabarma ko buɗaɗɗen buhu. Ya nutsa kwanon cikin hatsi, ya ɗago, ya ƙara da tafin hannu har ya yi tsororuwa, ƙwayoyi suna gangarowa ta gefe. Mai saye ba ya ƙifta ido. Idan tsohuwa ce sai ka ji ta ce, "Haba ɗana, wanga awo naka bai cika ba, ƙara dai." Shi kuma ya ce, "Inna, ai ya cika hal ya zuba," amma ya ƙara ɗin. Idan an gama ƙirga sai a nemi gyara, ɗan abin da ake ɗorawa a kai kyauta, wanda hana shi ba haramun ba ne amma rowa ce da za a tafi da labarinta gida. Manyan 'yan kasuwa masu saye daga hannun manoma kuwa sukan kewaye bakin kwanon da hannun hagu, tsororuwar ta sami majingini ta ƙara tsawo. A mudu ɗaya ba a ganin komai, a buhu arba'in ana gani. Buhun da ake ce wa na kilo ɗari kan ɗauki tiya wajen 40, sai dai tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, kuma kwanon kaka ba shi ne na bazara ba. Ƙananan abubuwa da nasu ma'aunan: gongonin madara na shinkafa da wake, kwalba ta man gyaɗa, ludayi na nono, kashi-kashi na tumatir da kuɓewa.

A bayan mudun kasuwa akwai wani da ba ya canzawa, shi ne mudun Annabi, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Huɗunsa sa'i ne, abin da ake fitar wa kowane rai a zakkar fid da kai. Sa'i 60 wasƙi ɗaya, wasƙi biyar kuma, wato sa'i 300, shi ne nisabin amfanin gona. A fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala. Manomin gero ya sauƙaƙa wa kansa lissafin, yana ware dami ɗaya cikin kowane goma tun a gona kafin a kai rumbu. Duk almajirin da ya karanta Risala ya haddace waɗannan adadi, kuma a ƙasar nan ba baƙin karatu ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. Daular da suka kafa ta naɗa muhtasibi, wanda duba mudu da hana algus a kasuwa na cikin aikinsa. Sura guda ce sukutum a Alƙur'ani, Muɗaffifina, aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma liman ba ya rasa tuna wa jama'a abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu.

Duk da haka, bugaggen mudu bai ɓace ba. Akwai wanda aka tura gindinsa ciki da guduma, akwai wanda aka zage bakinsa, akwai mai kwano biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wanda abin ya fi cuta shi ne manomin da ya sayar da kaka don biyan bashi, ya dawo ya saya da bazara da ƙaramin kwano da kuɗi ninki. Masu cewa a tilasta sikeli a ko'ina sun manta cewa sikeli ma ana murɗa shi, murɗin da tsohuwa mai sayen mudu biyu ba za ta iya ganewa ba. Mudu ko ba komai ana iya kifa shi a duba gindinsa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a tsayar da shi wuri ɗaya. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da hakimai da sarakunan kasuwa da ƙungiyar 'yan hatsi, su zauna su amince da kwano guda mai hatimi, a san nauyin geron da yake ɗauka da kilo, a rataye na gwaji a rumfar sarkin kasuwa inda kowa zai iya zuwa ya juye awonsa ya gani. A yi haka kafin kaka mai zuwa, lokacin da manoma za su fara fito da sabon hatsi.