Waya Ba Ta San Fuskar Mai Kuɗi Ba, Abin Da Aka Latsa Shi Take Yi

Duk wanda ya shiga kasuwar Gure, ko kasuwar dabbobi ta Gidigir, zai ga cewa yanzu ba a aljihu kaɗai kuɗin fatauci ke kwana ba. Dillalin da ya sayar da bijimi, da mai jiran kaya daga Damagaram, da mai abincin da za ta aika wa ɗanta jikka biyar a Yamai, kowa zaro salula yake yi ya latsa alamar tauraro, ya sa lambobi, ya rufe da alamar #. Nan take sai waya ta kawo jerin tambayoyi, ta tsaya tana jiran amsa. Da yawanmu ba mu san ɗabi'ar wannan 'yar hira da muke yi da na'ura ba, kuma rashin sanin yana cin dukiya.

Irin wannan hira ta girmi salula nesa ba kusa ba. A shekarar 1969 aka fara ƙirƙiro tsarin kwamfuta mai suna Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, inda ake ba na'ura umarni a rubuce ta hanyar wata manhaja da masana ke kira shel, wato mai karɓar umarni. Wadda Stephen Bourne ya rubuta ta fito a 1979, sannan Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, wadda har gobe ake aiki da ita a duniya.

Idan mutum ya zauna gaban shel, sai ta nuna masa alamar cewa a shirye take, ta yi shiru. Ya rubuta layi ɗaya ya latsa, ta aiwatar, ta nuna sakamako, ta koma jira. Tana tuna umarnin da aka ba ta a baya, kuma ana iya katse ta tana cikin aiki. To amma ba ta tambayar niyya. In aka ce ta goge takardu, a yawancin lokaci gogewa take yi ba tare da ta ce ko ka tabbata ba, kuma ba ta bambanta mai kwamfutar da wanda ya tarar da ita a buɗe.

Tsarin da ke cikin wayoyinmu, wanda ake kira USSD, ba shel ba ne, amma halinsu ɗaya: tambaya, jira, aiwatarwa. Da shi ake shiga Airtel Money, da Moov Money da aka fi sani da Flooz, da Zamani Cash wanda ya gaji Orange Money bayan sayar da kamfanin a 2019. Ba ya bukatar intanet, shi ya sa ƙaramar waya ma tana yin sa. Saƙonsa ba ya wuce harufa 182, saboda haka ne tambayoyin suke gajeru.

Akwai abubuwa uku da ya kamata 'yan kasuwa, maza da mata, mu riƙe. Na farko, ita waya ba ta dogon jira. In aka tsaya ciniki ana tsakiyar aikawa, ko layi ya yi rauni, hirar sai ta yanke. Kada a yi gaggawar maimaitawa, a fara duba abin da ya rage a asusu, domin mai yiwuwa kuɗin sun riga sun tafi, a zo a biya sau biyu.

Na biyu, kafin a sa lambar sirri, a karanta lambar wanda za a aika wa da yawan kuɗin. Sifiri ɗaya shi ke mayar da 5.000 su koma 50.000. Kuma mu da muke lissafi da dala, mu tuna cewa waya da sefa take ƙirga: dala ɗari, 500 ake rubutawa.

Na uku, duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, sannan ya shiga karanto lambobin da za a latsa, a kashe wayar. So yake ya ba da umarnin da hannunmu. Mai neman yaron shago ya karanta mata, ta bari ya karanta, amma lambar sirri ita za ta sa da kanta. A kuma ajiye saƙon tabbatarwa da ke zuwa daga baya, domin hirar ba ta barin sawu a waya, saƙon ne shaida idan za a kai kuka wurin kamfani.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Umarnin da aka ba na'ura ma haka yake, sai a duba kafin a latsa.