Harshen Uwa da Mafitar Haruffa: Koyar da Karatun Alƙur'ani ga Yaran Tsotsil a Meksiko

A tsaunukan jihar Chiapas da ke kudancin Meksiko akwai ƙaramar al'ummar Musulmi daga ƙabilar Tsotsil, wani reshe na mutanen Maya waɗanda Turawan Sifen suka tarar a ƙasar. Da yawansu asalinsu garin San Juan Chamula ne. Tun daga shekarun 1970 aka yi ta korar iyalai daga can saboda sun koma ɗarikun Furotesta, suka yada zango a gefen birnin San Cristóbal de las Casas. Cikin waɗannan korarru ne Musulunci ya samu shiga a tsakiyar shekarun 1990, ta hannun wasu masu da'awa 'yan Sifen na ƙungiyar Murabiɗun. Yanzu ga 'ya'yan da aka haifa cikin addinin, ga kuma wajibcin su iya Fatiha.

Da yake da'awar da Sifaniyanci ta zo, abin da zai fara zuwa zuciyar malami shi ne ya kwatanta wa yaro haruffan Larabci da sautukan wannan harshe. A nan ake tafka asara. Sifaniyanci ba ya lissafa hamza cikin baƙaƙensa, kuma shinun baƙuwa ce a cikinsa, alhali duka biyun suna bakin yaron Tsotsil tun yana goye. Malamin da bai san haka ba zai ɓata makonni yana koyar da abin da ɗalibi ya riga ya mallaka, ya bar abin da ya rasa: zayun, da ainun, da haruffan iɗbaƙi huɗu.

Akwai kuma tarko. Harshen Tsotsil yana da wani kafi mai ƙarfi da ake furtawa da maƙogwaro a rufe, ɗan'uwan "ƙ" na Hausa, da wani sauti irin "ts". Yaro zai yi saurin ɗora wannan kafi a gurbin ƙafun, kamar yadda Bahaushe ya daɗe yana yi. Yana raba "ƙalb", zuciya, da "kalb", kare, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne a matakin farko. Sai dai ƙafun Larabci daga ƙurewar harshe take fita, bayan mafitar kafi, ba tare da rufe maƙogwaro ba. In aka bar yaro a kan makwafin, ya zama gado. Wanda ya lura da yadda ladi ta koma lamun a ƙasar Hausa, har "alƙali" da "alwala" suka zauna daram, ya san wuyar kankare irin wannan.

Matsalar da ta fi waɗannan nauyi ita ce madda. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, shi ya sa almajiri ke kama maddar asali ba da wahala ba. Tsotsil da Sifaniyanci kuwa ba su rarrabe ma'ana da tsawon wasali, don haka kunnen yaron bai saba jin bambancin ba, balle harshensa. Ga shi kuwa tsakanin "lā" ta korewa da "la" ta ƙarfafawa haraka ɗaya ce tak, kuma sarayar da ita lahani ne bayyananne mai juya ma'ana. Allo da littafi ba su magance wannan. Sai talaƙƙi, baki da baki, malami na jan sautin yana ƙirgawa da yatsa, yaro na maimaitawa.

Ya kamata kuma malami ya tsaya a kan ruwaya guda. A cikin Fatiha kanta Hafsu yana jan mimun "Māliki", Warshu ba ya ja, kuma dukansu ingantattu ne. Yaron da ke jin ɗaya a bakin malami, ɗaya a wayar mahaifinsa, zai ɗauka cewa ja da rashin ja duk ɗaya ne a ko'ina cikin Mus'hafi.