Sana'ar Gyaran Jiki Ma Sai da Ilimi

Jama'a, kitso da ƙunshi da aski ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa. Yarinya kan koyi kitso a gaban uwarta, ɗan wanzami kuma ya gaji aska wurin ubansa. To, me ya kawo makarantun koyon gyaran jiki da kwalliya? Dalili shi ne kayan aiki sun canja.

A da, lalle ganye ne, a daka, a kwaɓa. Yau akwai baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi mai sinadarin PPD. Wannan sinadari kan sa fatar wasu ta kumbura, ta yi ƙuraje masu ruwa, har ta bar tabo. Man miƙar da gashi kuma, da yawansa akwai soda a ciki. In ya daɗe a ka, sai ya ƙona fata, gashi ya zube. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda.

A makaranta ake koyon kauce wa irin wannan ɓarna. Ana koya wa ɗaliba ta ɗiga rini kaɗan a bayan kunnen mai son gyara, ta jira kwana 2, ta ga ko jikin zai karɓa. Ana koya mata karanta rubutun jikin kwalba: ranar lalacewar kaya da lambar hukumar NAFDAC. Ana nuna mata cewa kitso mai tsauri yana cinye gashin goshi. Mai aski kuma zai san cewa reza ɗaya ta mutum ɗaya ce, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, makero kuma yana bin mataji da injin aski. Sai lissafi, don a san uwar kuɗi, a san riba.

Ina ake koyo? Akwai makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin koyar da mata sana'a. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana tura matasa wurin gwanaye su koya. Wanda ya ƙware yana iya ɗaukar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ya sami takardar shaida.

Bayan koyo, hanyoyin abinci suna da yawa: buɗe shago, gyaran amare da dilka da halawa, zanen lalle, yankan farce, sayar da kayan kwalliya, ko koyar da wasu. Matar aure tana iya yi a cikin gidanta.

Iyaye da mazaje, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku je ku gani da idonku. Akwai tsabta? Ɗalibai suna aiki da hannunsu, ko kallo kawai suke yi? Ana ba da takardar shaida? Ku tuna, fatar mutum da jininsa amana ne a hannun mai gyara. Rigakafi ya fi magani.