Hular gudu: yadda za ka zaɓi wadda ta dace da rana, ƙura da sanyin Adar

Duk wanda ke fita da sassafe a Buza, Madawa ko Keita ya saba ganin samari a bakin hanya da filin ƙwallo suna gudu. Wasu shirin jarabawar shiga soja ko jandarma suke yi, wasu ƴan ƙwallo ne, wasu ƴan kokowa masu neman ƙarin numfashi, ga kuma ƴan makaranta da ke da jarabawar motsa jiki a gabansu. Mu ma nan Babankatami muna da irinsu. In ka dube su da kyau, za ka ga kowa hankalinsa na kan takalmi, kai kuwa an manta da shi. Wani kansa a buɗe yake, wani kuma ya ɗora baƙar hula mai kauri ta gwanjo wadda aka ɗinka domin sanyin Turai. A ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Me ya sa kai ke buƙatar kariya?

Mai gudu zafi biyu yake fama da su. Akwai na rana da ke dukan sa daga sama, akwai kuma wanda jikinsa ke haifarwa da kansa, domin tsoka in tana aiki zafi take fitarwa. Hanyar da jiki ke bi ya huce ita ce zufa: ta fito bisa fata, iska ta busar da ita, ta tafi da zafin. Kun ga yadda randa ke sanyaya ruwa? Ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta ɗauke shi, na ciki ya yi sanyi. To haka jikin ɗan Adam yake.

Saboda haka aikin hular gudu biyu ne. Ta tare rana daga kai da fuska, sannan ta bar iska ta shiga domin zufa ta bushe. Hular da ta yi na farko ta kasa na biyu ta zama murfin tukunya, dafa kan kawai take yi.

Manyan ƴan tseren duniya ma ba sa wasa da zafi. A gasar duniya da aka yi a Doha, ƙasar Katar, a 2019, sai da tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata don a kauce wa rana, amma duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 40 kaɗai suka kai ƙarshe. Bayan nan aka ɗauke gudun fanfalaki na wasannin Olamfik na Tokiyo zuwa birnin Sapporo da ke arewacin Japan, inda zafi ya fi sauƙi. Kusa da mu kuwa, a farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. In masu likita da mai horo a gefensu suna faɗuwa, ina ga saurayin da ya fito shi kaɗai da cikinsa wayam?

Abu biyar da za ka duba a kasuwa

Na farko shi ne yadi. Auduga tana da daɗin sawa, amma tana shan zufa ta riƙe, sai hular ta yi nauyi ta manne a kai. Yadin roba mara nauyi, irin na rigunan ƴan ƙwallo, shi ya fi saurin bushewa. In ka duba ƴar takardar da ke cikin hular ka ga an rubuta polyester, to shi ne. Ga gwaji mai sauƙi: ɗaga hular ka kara a bakinka ka hura. In ka ji iska ta fita ta ɗaya gefen, za ta bar kanka ya sha iska. Wadda ke da raga a gefe ko a baya ta fi kowace.

Na biyu launi. Fari, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka sun fi mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Wani zai ce, to ai Buzaye baƙin rawani suke naɗawa a cikin hamada. Gaskiya ne, amma rawani da babbar riga sako-sako suke, iska na yawo tsakanin yadi da fata. Hular gudu kuwa a kan fata take zaune, zafin da ta ɗauka kai tsaye yake shiga. Farar hula tana da wani amfanin kuma: masu mota da ƴan kabu-kabu sun fi hango ka da asuba, musamman ga masu gudu a gefen babbar hanyar da ta ratsa Madawa da Galmi zuwa Konni, inda manyan motoci ba sa yankewa.

Na uku baki, wato abin da ya fito ta gaba, wanda ya sa ake ce mata hana-salla. Shi ke yi wa ido inuwa. Ya kasance ya ɗan lanƙwasa, kuma kada tsawonsa ya hana ka ganin gabanka. Ƙasarmu ta duwatsu ce da tsakuwa da kwazazzabai, mai gudu dole ya riƙa ganin inda zai sa ƙafa. In ƙarƙashin bakin mai duhu ne ya fi, domin yana rage ƙyallin da ke tasowa daga fako da farin yashi. Masu juya bakin baya don gayu su sani sun jefar da rabin amfanin hular.

Na huɗu zama a kai. Hular da ta matse tana sa ciwon kai, wadda ta yi sako-sako kuma iska ce za ta raba ka da ita. Ka zaɓi mai maɗauri a baya wanda ake ragewa a ƙara. Ka sa ta, ka sunkuya, ka girgiza kai. In ba ta faɗi ba, kuma yatsa ɗaya na iya shiga tsakaninta da goshi, ta yi daidai. In aike za ka yi a sayo maka daga Tawa ko Maraɗi, ka zagaya kai da zare ta saman gira da saman kunnuwa, ka yanke daidai nan, ka ba ɗan aiken.

Na biyar zoben ciki, wato yadin da ya zagaye goshi. Shi ke tare zufa kada ta gangaro cikin ido. Ka shafa da yatsa, in ɗinkin yana da kaushi zai goge maka fata bayan ƴan kilomita kaɗan.

Kowane lokaci da irin hularsa

Da bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa, hana-salla kaɗai ba ta isa ba, domin ta bar kunnuwa da ƙeya a waje. Masu tseren Marathon des Sables, wanda ake yi a hamadar Maroko tun 1986 a kan tafiyar kusan kilomita 250, da yawansu hula mai ƙyalle a baya suke sawa. Ba sai ka nemo irin tasu ba. Farin ƙyalle mara nauyi za ka sa a ƙarƙashin hular ya sauko bisa wuya, ko ka ba tela ya ɗinka maka. Ka jiƙa hular da ƙyallen kafin ka tashi. Iskarmu busasshiya ce, ruwan zai bushe da sauri ya sanyaya maka kai.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar ta sauya. Asuba na da sanyi mai shiga kunne, ga ƙura. Hular sanyi siririya ta isa, amma ka cire ta da zarar jiki ya ɗumama ko rana ta ɗaga. Ranar da hazo ya rufe har ba ka hango dutsen da ka saba gani, gara ka rage gudun ko ka bari sai ya washe, domin mai gudu ya fi mai zaune shaƙar ƙura nesa ba kusa ba. In dole ne, ka yi koyi da masu rawani, ka rufe hanci da baki da ƙyalle. Masu asma su fi kowa kula. Lokacin ne kuma na sanƙarau a ƙasashenmu na Sahel, don haka zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya kada a ɗora su a kan gajiyar gudu, a tafi likita nan take.

Da damina, bakin hula na tare ruwa daga ido, yadin roba kuma ba ya nauyi in ya jiƙe. Amma ku lura, bayan ruwa iska na da laima, zufa ba ta bushewa da sauri, mutum na iya galabaita ko da rana ba ta fito sosai ba. Hadari in ya taso da tsawa kuwa, babu hular da za ta yi maka amfani, ka bar fili ka nemi ɗaki.

Ina matsayin malafa?

Wajen inuwa, babu hular kanti da ta kai malafarmu ta kaba. Tana rufe fuska, kunnuwa da wuya gaba ɗaya, iska kuma na ratsa saƙar. Shi ya sa manomi, makiyayi da mai lambun albasa a fadamun Tarka da Magiya ba sa rabuwa da ita. Matsalarta ɗaya ce, faɗinta na kama iska in ana gudu. Ga mai tafiya da sauri don motsa jiki, kamar dattawan da likita ya ce su riƙa takawa saboda hawan jini ko ciwon suga, malafa mai igiya a haɓa ta fi hana-salla. Ga ƴan'uwanmu zabiya kuwa, hula mai faɗin baki dole ce, domin rana na ƙona musu fata har ta kai ga ciwon daji.

Ƴan mata masu gudu a makaranta, ƙaramin hijabi mai haske na yadi mara nauyi ya fi babba mai duhu, ana kuma iya ɗora hana-salla a kansa don ido.

Tsabta

Hular da ta sha zufa a wanke ta da hannu, da sabulu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa don kada bakin ya karye. Ta gwanjo a wanke ta tun kafin a fara sawa. Iyaye ku hana yara musayar hula, ta nan makero da ƙwarƙwata ke tsallakawa daga kai zuwa kai.

Hula ba ta maye gurbin ruwa da lura da lokaci

Komai kyan hula, ba ta mayar da azahar ta zama asuba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi ƙarfi, a yi gudu kafin nan ko bayan la'asar sakaliya. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. In an yi zufa mai yawa, ruwan gishiri da sukari na taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai azumi ya bar gudu sai dab da shan ruwa ko bayansa.

In abokin gudunka ya fara jiri, amai, tangaɗi ko magana ba kan gado, kada ka ce ya daure. Ka kai shi inuwa, ka cire masa hula da riga, ka zuba masa ruwa a kai da wuya da hammata, ka yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in ba ya ciki kada ka ɗura masa komai. A nemi abin hawa a kai shi gidan likita mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba, ana tafe ana jiƙa shi.

Masu horar da samari da malaman motsa jiki, ku ne yara suka fi jin maganarku. Ku duba kawunansu kamar yadda kuke duba ƙafafunsu kafin ku busa usur. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba masu shirin jarabawa sa'a.