Soke Oda a Shagunan Intanet: Haƙƙin Mai Saye da Asarar Ɗan Kasuwa

Tun daga shekarar 2012, lokacin da kamfanonin Jumia da Konga suka fara harka a Legas, sayayya ta intanet ta samu gindin zama a Nijeriya. Sai dai wata matsala da ke ci wa 'yan kasuwar tuwo a ƙwarya ita ce yawan soke oda, wato mai saye ya fasa karɓar kayan da ya riga ya nema.

Matsalar ta fi tsanani a tsarin biyan kuɗi bayan an kawo kaya. Idan mai babur ya isa ƙofar gida aka ce an fasa, kuɗin mai da na ɗaurin kaya da ladan ɗan aike duk sun hau kan mai shago. A shekarar 2017 kamfanin Konga ya dakatar da wannan tsari, kodayake daga baya ya maido da shi.

To, me doka ta tanada? Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar Majalisar Kare Masu Saye ta 1992. Sashe na 120 na dokar ya bai wa mai saye ikon soke odar da ya yi, tare da barin ɗan kasuwa ya cire kuɗin sokewa daidai gwargwado. Wajen auna wannan kuɗi akan dubi irin kayan, da tsawon sanarwar da aka bayar, da kuma yiwuwar samun wani mai saye. Saboda haka rubuta cewa ba a mayar da kuɗi ko ta halin ƙaƙa ba ya shafe wannan haƙƙi.

A aikace, abin da ke raba gardama shi ne inda kayan suke. Idan ba su bar rumbun ajiya ba, ya kamata a soke nan take, a mayar da kuɗin gaba ɗaya. Idan suna kan hanya, ana iya cire kuɗin dako. Kayan da aka ɗinka ko aka ƙera musamman domin mutum ɗaya kuwa, kuɗin sokewarsu kan fi yawa, domin da wuya wani ya saye su.

Don haka ya wajaba mai shago ya bayyana sharuɗɗansa kafin a biya, ya amsa buƙatar sokewa a rubuce, ya kuma faɗi ranar da kuɗi za su koma. Shi ma mai saye ya adana lambar oda da shaidar biya, domin da su ne zai kai ƙara gaban hukumar idan sulhu ya faskara.