Tabarya ta biyu a turmin DJ

Idan ana surfen geron biki a Sabon Birni ko Isa, ba a barin mace ɗaya da turmi. Biyu ko uku ke kewaye shi suna lugude, tabaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. Wadda za ta karɓi 'yar'uwarta da ta gaji kuwa ba ta faɗawa kai tsaye. Sai ta tsaya tana kaɗa kai har bugun ya zauna mata a jiki, sannan ta jefa tata tabaryar a gurbin da aka bar mata. In ta yi gaggawa tabare su gwabza, gero ya watse, kaji su yi sallah.

Abin da DJ ke fama da shi ke nan duk lokacin da zai fita daga wata waƙa ya shiga wata ba tare da ƙafar masu rawa ta tsaya ba. Kowace waƙa da saurinta, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. Amapiano na Afirka ta Kudu yakan yi tafiyarsa wajen 112, kiɗan house da ya taso a Chicago kuma tsakanin 120 da 130. Sai DJ ya saurari waƙa mai zuwa a kunnensa shi kaɗai, ya ƙara mata sauri ko ya rage, har gangunan biyu su riƙa faɗuwa tare. Francis Grasso ya yi suna da wannan dabara a New York a ƙarshen shekarun 1960, da faifai da yatsa. Yau maɓalli ɗaya a manhajar VirtualDJ ya wadatar, shi ya sa duk yaron da ya samu kwamfuta da janareto yake ganin ya gama koyo.

Da sauransa. Masu lugude ai da waƙa suke yi, kuma mace na iya shiga da tabarya daidai amma ta ɗauki amshi sama ko ƙasa da inda zabiya ta ajiye shi. Gero bai zube ba, amma kowa a tsakar gida sai ya yamutse fuska. Kowace waƙa tana da mazaunin murya, wato sautin da take komawa ta huta a kansa. A lissafin kiɗan Turai mazaunan 24 ne. Wani mai suna Mark Davis ya jera su a da'ira kamar fuskar agogo, aka kira ta Camelot: 1A zuwa 12A, 1B zuwa 12B, manhajar Mixed In Key da ta fito a 2006 kuma ta yaɗa tsarin. Mai kan 8A zai iya zuwa 7A, 9A ko 8B lafiya lau. In ya tsallaka zuwa 2A, muryoyin su kama kokawa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sauri da murya a ɗaure suke. Ka ƙara saurin waƙa da kashi 6 cikin ɗari, daga 120 zuwa kusan 127, muryarta ta hau rabin mataki, 8A ɗinka ta koma 3A, sai fa in ka danna makullin da ke riƙe murya a wurinta. Shi ma in an matsa masa da yawa, sauti yakan fara karkarwa.

Ni dai ban yarda a miƙa wa lamba wuya gaba ɗaya ba. Manhaja tana kuskure, kuma mai haɗa waƙoƙin Hamisu Breaker da na Ado Gwanja daga katin waya da aka turo masa a kasuwa ya fi buƙatar kunnensa. Idan mazaunan biyu suka ƙi jituwa, ya jira inda mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai, ya shigo da sabuwar waƙar ta nan.