YADDA JINI KE SHAIDA ALLURAR SHANU TA KAMA

Makiyayi ya kan kai shanunsa a yi musu allura, ya koma rugarsa da murna. To, ƙaƙa za a tabbata allurar ta kama? Gama zafin rana ya kan kashe magani tun yana cikin kwalba, ido kuwa ba ya gani.

Amsar tana cikin jini. In an yi wa dabba allura, bayan kamar mako uku jikinta ya kan ƙera waɗansu 'yan dakaru masu yaƙi da wannan cuta kaɗai. Don a auna yawansu, sai a ɗebi jini a bar shi ya daskare, a tsiyaye ruwan da ya taso bisa. Sa'an nan a sirka shi, kashi 1 cikin 10, cikin 100, cikin 1,000, a gauraya kowanne da ƙwayar cutar. A dā zomaye ake yi wa allura da wannan gauraye, a ga wanda ya kamu da wanda ya tsira. Ruwan da ya sha sirki da yawa amma ya kare zomo, shi ne na dabba mai ƙaƙƙarfar garkuwa.

Da irin wannan awo aka ci ciwon bushiya, wanda ya ƙare garkunan ƙasar Hausa wajen 1891. An kafa ma'aikatar binciken dabbobi a Vom cikin 1924, aka soma babban gangamin allura a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru cikin 1962. Da aka yi sakaci, cutar ta komo da ƙarfi cikin 1983. Daga baya aka dinga ɗibar jinin shanu ana dubawa, har 2011 da aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya.

Awon ya kuma nuna cewa garkuwar da ɗan maraƙi ya sha cikin dakashin uwarsa ta kan hana allura kamawa, watau sai an sake masa in ya tasa.

Ciwon huhu dai yana nan. Saboda haka malamai da akawuna na Rikoto da sauran ƙasar Zuru, in ma'aikatan dabbobi sun zo ɗibar jini, ku fahimtar da makiyaya dalili, kada su gudu da shanunsu daji.